Ranar da Aka Leƙa Kan Auta

Madubi ne ya fara tona wa Auta asiri. Ƙanena ne, na ƙarshe a ɗakinmu, kuma mai aski ne kamar Baba. A shagonsu akwai dokar da Baba ya kafa tun kafin a haife ni: ba mai tashi daga kujera sai an riƙe masa ƙaramin madubi ta baya, ya ga ƙeyarsa da idonsa, ya ce ya gamsu. Baba kan ce mutum ya miƙa maka wurin da shi kansa ba ya gani, to rashin mutunci ne ka sallame shi bai ga abin da ka yi masa ba. Wata rana Auta ya gama wa wani direba aski, ya ɗaga madubin, sai mutumin ya ce, "Maigida, ƙeyar tawa ce ke rawa, ko ni ne nake jin jiri?" Duk shagon aka yi dariya. Auta ya ajiye madubin, ya wanke hannu, ya dawo gida tun rana ba ta yi tsaka ba.

Ni ce babbar yayarsa. Tikiti nake sayarwa a tashar mota, ihu ne sana'ata, kuma tun ina ƙarama Baba yake kirana Barkono, ban taɓa musu ba. Duk wani likitan da ya taɓa duba Auta ya san muryata kafin ya san tasa.

Ciwon ya daɗe tare da mu. Yana saurayi ya fara jin muryoyin da ba mai jinsu sai shi, kuma ya kafe a kan cewa mutanen benen da ke kallon shagon suna da na'urar da suke leƙa cikin kansa da ita. Ya liƙe tagar ɗakinsa da tsofaffin jaridu. Hula biyu yake kwana da su. A asibiti suka ce sunan abin sikizofiriniya, Mama ta ce ko sunan ma ya isa ya sa mutum ciwon kai. Magani ya yi aiki, alhamdulillahi. Muryoyin suka ja baya suka zama kamar rediyon maƙwabta, ya koma bakin aikinsa, kuma hannunsa ya fi na Baba, in ji Baban da kansa. Sai wani lokaci aka gwada rage masa maganin, abin ya dawo da ƙarfinsa, sai da muka yi jinyar makonni. Da aka sallame shi aka ninka ƙwayar. Muryoyin suka lafa, amma hannun ya ɗauki rawa, yatsun suka sandare, har ɓalle maɓallin riga ya zama aiki.

Daga ranar direban nan bai sake taɓa kan kowa ba. Yana zuwa shagon kullum, amma shara yake yi, ya wanke tawul, ya goge kujeru, Dogo abokin aikinsa na yin askin. Ni in na biyo na hango shi da tsintsiya, sai in ji kamar in fasa gilashin shagon.

Shi kuwa Baba, wanda ciwon baya ya zaunar a gida, sai ya ɗauki nasa taurin kan. Ya ce ba wanda zai taɓa masa kai ko gemu sai Auta. Dogo ya zo har gida da kayan aiki, Baba ya ba shi shayi ya sallame shi. Na ɗauko almakashi da kaina, ya ce, "Barkono, ke da ko layin tikiti ba kya yankewa daidai?" Gashi ya yi ta tofo, fari fat, ya rufe kunnuwa, gemu ya sauko ƙirji. Mama ta ce ta auri mai aski, ga shi ta ƙare da tsohon burushi. Muna dariya, amma kowa ya san abin da Baba yake jira, kuma Auta ya fi kowa sani. Ko haɗa ido da shi ba ya iya yi a wurin cin abinci.

Ana haka aka canja mana likita. Mace ce, gajeriya, mai tabarau, mai magana a hankali irin wadda ke sa ni ƙaiƙayi. Ta sa Auta ya miƙa hannuwa, ta sa ya zana da'ira a takarda, da'irar ta fito kamar bakin gwangwanin da aka buɗe da wuƙa. Na ce, "Likita, ki rage masa ƙwayar nan." Sai na tuna jinyar da muka yi, na ce, "A'a, kar ki rage." Ta bar ni na gama faɗa da kaina, sannan ta juya wurinsa.

Ta ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai sinadarai masu kai saƙo, ɗaya ana ce masa dopamin, wani kuma serotonin, kowanne da wuraren da yake sauka. Maganinsa yana zuwa ya tare wuraren dopamin. In ya tare kaɗan, muryoyi su dawo. In ya tare da yawa, hannu ya ɗauki rawa. A tsakani akwai inda ake so, amma kan kowa daban ne, kuma wancan karon a makance aka laluba.

"Muna wani bincike a asibitin nan," in ji ta. "Akwai na'urar da ke nuna mana nawa maganin ya tare. In ka yarda, ba sai mun yi laluben ba."

Auta ya ce, "Wato za ku leƙa cikin kaina."

Ta ce, "Eh."

Wai eh. Shekara da shekaru muna rantse wa yaron nan cewa babu wata na'ura a duniya da ke leƙa kan mutum. Ni na ɓamɓare jaridun tagarsa ɗaya bayan ɗaya, ni na lallashe shi ya cire hula ta biyu. Ga wannan baiwar Allah ta zo da eh ɗinta guda ɗaya ta rushe mini aiki. Auta ya miƙe, ya ce mata ya gode, ya ɗauki jakarsa ya fita, bai ko buga ƙofar ba.

Na tsaya. Na ce, "Haba Likita, da kin ce masa hoton wuya ne. Ko na haƙori. Wa zai sani?"

Ta ce, "Shi zai sani. Kuma kansa ne, Yaya, ba nawa ba, ba naki ba."

Abin da na faɗa a baranda bayan na fito ba na maimaitawa ba ne. Wani mai tura keken marasa lafiya har ya tambaye ni ko rasuwa aka yi mini.

A gida Mama ta goyi bayana. Ta ce a nemi wani likitan da ya san yadda ake lallaɓa mara lafiya. Baba yana kan kujerarsa yana shafa gemu, sai da muka gaji, sannan ya ce, "Ku da ba ku taɓa miƙa wa kowa kanku ba, ku yi shiru." Na ce ai ina zuwa kitso. Ya ce mai kitson tawa ma ya ji labarinta, wai har yau tana jin ƙarar muryata a kunnenta na hagu.

Kwanaki Auta bai tada maganar ba, mu ma muka kama bakinmu. Na lura ya sake ɗauko hula ta biyu, na yi kamar ban gani ba. Sai wata safiya ina guga kafin in tafi tasha, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, hannuwansa cikin aljihu yadda ya saba ɓoye su.

"Yaya, zan je."

Na ajiye dutsen gugar. "Ina?"

"Wurin na'urar. Amma da sharaɗi. Abin da suka gani, ni za a fara nuna wa. Ba ke ba, ba Mama ba. Ba za a zauna a kan kaina ana magana ina waje ba. In sun gama, su nuna mini ƙeyata, yadda ake yi."

Na ce, "To, ai ina tare da kai, sai mu gani tare."

Ya ce, "Ke kina waje."

Wallahi sai da na ji ƙaurin rigata kafin na tuna da dutsen gugar. Amma na kira Likita, na gaya mata, ta ce sharaɗi ne mai kyau, ta karɓa.

Ɗakin na'urar a ƙasan asibitin yake, babu taga, ga sanyi kamar cikin firji. Mai kula da na'urar wani ƙaton mutum ne mai sanƙo, kansa na ƙyalli ƙarƙashin fitila. Auta ya dube shi ya ce, "Kai dai ba ka da amfani a wurina." Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ni kuma na ji daɗi, don rabon da in ji Auta ya tsokani wani har na manta.

Mai na'urar ya yi mana bayani. Za a sa masa wani ruwa kaɗan ta jijiya, ruwan ya bi jini ya je ya sauka a wuraren da magani bai tare ba, na'ura ta hango shi. A nan ginin ake haɗa ruwan, kuma ba ya jira, da an gama haɗawa ƙarfinsa yake fara zagwanyewa kamar ƙanƙara a rana. In aka yi jinkiri, ya lalace ke nan, sai a sake bin layi, layin kuwa watanni ne. Sannan dole kai ya tsaya cik fiye da awa guda, ba magana, ba juyi. Da safe a yi na dopamin, da yamma a sake wani na serotonin.

Aka sa masa allura a hannu. Aka ɗauko wata raga mai ɗumi da za a ɗora masa a fuska ta daskare ta riƙe kan. Waya ta yi ƙara a bango, mai na'urar ya ɗauka ya ce to, ya juyo ya ce ruwan ya taho.

A nan Auta ya tsaya. Yana bakin ƙofar ɗakin, yana kallon na'urar, wani ƙaton zobe fari mai rami a tsakiya da siririn gado. Leɓɓansa na motsi ba sauti. Na san wannan fuskar, ita ce ta lokacin jaridun taga. Wata ma'aikaciya ta shigo da ruwan a cikin wani akwati mai nauyi, ta ajiye, ta dubi mai na'urar, shi kuma ya dubi agogon bango. Na buɗe baki, don na riga na shirya abin da zan ce, irin wanda na saba: ba komai, ba wanda zai leƙa ka, kwanta kawai. Sai na ji Likita ta kama wuyan hannuna. 'Yar mitsitsiyar matar nan, ashe da ƙarfi.

Auta ya ce, "Muryoyin suna cewa za a leƙa kaina."

Likita ta ce, "Gaskiya ne, za a leƙa. Kuma in ka ce a fasa, an fasa, ba wanda zai yi fushi da kai."

Ni zan yi, na ce a raina, amma hannuna na hannunta.

Gumi na tsattsafo masa a goshi duk da sanyin. Can ya ce, "Na gaya musu yau kam sun faɗi gaskiya. Ban taɓa gaya musu haka ba, sun rasa abin cewa." Ya ɗan yi murmushi. "Shekara nawa ana leƙa ni ba sallama. Waɗannan sun yi sallama. Ni na ce su shigo."

Ya cire hula ta farko ya miƙo mini. Ya cire ta biyun ya miƙo mini. Ya taka da ƙafarsa ya hau gadon ya kwanta.

Ta bayan gilashi na kalle shi. Kansa na cikin ramin, fuskarsa a rufe da raga, ba abin da nake gani sai ƙafafunsa da hannunsa na dama a kan cikinsa. Da farko rawar da na sani hannun yake yi. Daga baya na lura yatsu biyu na buɗewa suna rufewa, su ɗan tsaya, babban yatsa ya shafa sama, su ci gaba. Na ƙanƙame hulunan, na karanta duk abin da na iya, har da waɗanda na haɗa farkonsu da ƙarshen wasu. Ni da ba a taɓa jin shiruna ba ko a gidan makoki, ranar ko tari ban yi ba.

Da yamma aka sake, bai tsaya a bakin ƙofa ba. Bayan an gama mai na'urar ya fito yana share sanƙonsa, ya ce ko masu lafiyar da ke zuwa don a kwatanta da su ba su cika kai ƙanena natsuwa ba. Na ce masa, "Ai ɗan gidanmu ne." Na faɗa da ƙarfi yadda har na ƙarshen baranda za su ji, kuma ina sane.

A mota na tambaye shi abin da yatsunsa ke yi.

"Aski," in ji shi. "A cikin kaina na fara daga mai shagon taya na bakin layi, na bi su gida gida. Da yamma yara na yi, sun fi wuya, sai mutum ya tara hankalinsa duka."

"Baba fa?"

Ya dubi waje. "Shi ba a cikin kai zan yi masa ba."

Ranar da aka kira mu ganin sakamako na shirya tambayoyina tun daga gida. Muka isa ƙofar ofishin, na sa kai zan shiga kamar kullum, sai Auta ya nuna mini benci. Na manta da sharaɗin, shi bai manta ba. Haka na zauna a baranda tsakanin wani tsoho mai gyangyaɗi da wata mata mai cin gyaɗa, ni Barkono, ana maganar ƙanena a ciki ba ni. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Na tashi na zauna ya fi a ƙirga.

Da ƙofar ta buɗe shi ne ya leƙo. "Yaya, shigo ki gani."

Likita ta ja kujerarta gefe, ta bar shi a gaban allon kwamfutar. Hotuna ne kamar an yanka ƙwai dafaffe, masu launi. Ya nuna na hagu. "Wannan kan wani mai lafiya ne da ba ya shan magani. Kin ga wurare biyun nan masu ja? Nan dopamin ke sauka. Ga nawa." A nasa wuraren biyu sun dushe, da ƙyar ake ganinsu. "Maganin ya zaune kusan duk kujerun, bai bar wa mai shago ko ɗaya ba. Shi ya sa hannun." Ya matsa zuwa wani hoton da ke haske ta ko'ina a gefe gefe. "Wannan na serotonin ne. Nan kuma ko taɓawa bai yi ba. Akwai wani maganin da ke raba zamansa gida biyu, ba sai ya danne wuri ɗaya haka ba. A hankali za a canja."

Likita ta ƙara da cewa hoton ba ya yin alkawari, hanya kawai ya haska, kuma da ya ji wani canji ya kira ta da kansa. Da kansa, ta ce, tana dubana ta saman tabarau. Na haɗiye.

"Na tambaye ta ina muryoyin suke a hoton," in ji Auta. "Ta ce ba sa fitowa. Na ce tunanina fa? Ta ce shi ma. Yaya, na'ura mai cika ɗaki, da allura, da raga, da yini guda, iyakar abin da ta iya gani ke nan. Ina ga ta mutanen bene?" Ya juyo ya dube ni. "Ba wai muryoyin za su daina faɗa ba ne. Amma yanzu na ga abin da idona."

Na juya ina neman wani abu a jakata da ba ya ciki, don kar matar nan ta ga idona.

Canjin ya ɗauki watanni, kuma ba duka ne masu daɗi ba. Akwai makon da barci ya ƙaurace masa, Mama ta fara haɗa kayan jinya a ɓoye, amma shi ya kira Likita da kansa aka gyara. Sabon maganin ya sa shi ƙiba, na ce masa ya kusa cika ƙofar shago, ya ce gadon yayarsa ya yi. Ya fara ɓalle maɓallansa ba tare da ya juya mana baya ba. Ya fara da kilifa a kan Dogo, wanda ya ba da kansa don gwaji yana salati. Hoton ƙwaƙwalwar kuwa ya sa aka buga masa, ya liƙa a bangon shago cikin hotunan salon aski. In wani ya tambaya wane salo ne wannan, sai ya ce na ciki ne, kuma shi kaɗai aka yi wa a unguwar.

Wata ranar hutu da hantsi ya shigo falo da tawul a kafaɗa, ya tsaya gaban Baba. Ya dube shi ido cikin ido.

"Baba, kujera ta samu."

Baba bai yarda a yi a gida ba. Ya ce shi ba mara lafiya ba ne, a shago ake aski. Muka tafi da shi a hankali yana dogara sanda, ni da Mama a baya, maƙwabta na leƙe. Ya hau kujerar da ya yi rabin rayuwarsa yana tsaye a bayanta. Farin gashi ya dinga zuba a ƙasa har Dogo ya ce a kira mai katifa. Da aka zo gemu Auta ya ajiye kilifa, ya buɗe aska, ya wasa ta. Mama ta kama gyalena. Baba kuwa ya ɗaga haɓa, ya miƙa maƙogwaronsa, ya lumshe ido kamar mai jin barci.

Ba abin da ake ji sai kartar aska. Da ya gama ya goge masa fuska da tawul mai ɗumi, sai ga Babanmu ya fito, da kunnuwansa da komai. Sannan Auta ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko ƙaramin madubin, ya zagaya baya, ya ɗaga shi da hannu ɗaya.

Baba ya daɗe yana kallo. Na san ƙeyarsa, ba wani abin kallo a cikinta, duk tamoji ne. Gefen madubin yake kallo, yana jira ya ga ko zai motsa. Mu ma shi muke kallo, har Dogo da ya tsaya da tsintsiya a hannu. Hannun Auta na sama, madubin na tsaye, Baba kuma ya ƙi cewa komai, yana ta jan lokaci da gangan.

Ni ce na kasa haƙuri, kamar kullum. Na ce, "Baba, ka gamsu ko ba ka gamsu ba? Hannun yaro zai gaji."

Bai ɗauke ido daga madubin ba. Ya ce, "Ƙyale shi, Barkono. Ban gama gani ba."